TARIHIN ZIP DA ENUMERATE: YADDA AKE HAƊA JERI DA JERI, DA DARASIN TUNGAR DAJI



Yau za mu ɗan jingine darasin danna nan danna can, mu taɓa tarihi. Idan ka fara koyon yaren Python, ba za ka jima ba za ka ci karo da wasu kalmomi biyu, zip da enumerate. Masu koyarwa da yawa a minti biyu suke wuce su, su ce maka wannan yana haɗa jeri da jeri, wancan kuma yana ƙirga maka lamba, shi ke nan. To amma kafin kalmomin nan su zo hannunka a yadda suke yau, sai da aka shafe shekaru sama da 60 ana kai-kawo a kan tambaya ɗaya: idan bayanin mutum ɗaya ya warwatsu a jeri daban-daban, ta yaya za a tattaro shi ba tare da an ba wani kayan wani ba?

Domin ka ga nauyin tambayar, bari mu fara daga gida, daga yammacin Jihar Zamfara.

ABIN DA YA FARU A TUNGAR DAJI DA MAƘWABTANTA

A watan Maris na 2010 ne jami'an ƙungiyar likitoci na gari na kowa, wato MSF, suka lura yara ƙanana suna mutuwa fiye da kima a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara amai, ya shiga jijjiga, ya suma, kafin a ankara rai ya yi halinsa. Maganin zazzaɓin cizon sauro bai hana ba. Da aka aika jini ɗakin gwaji sai aka gano gubar dalma ce.

Asalin abin daga haƙar zinare ne. Farashin zinare ya tashi a kasuwar duniya, har ya haura dala 1,000 a kan kowace oza a 2009, mutane suka duƙufa ga haƙa. Ana kawo dutsen cikin gari, a farfasa shi a tsakar gida, a niƙa a injin niƙa, a wanke, a shanya. Dutsen yankin kuwa cike yake da dalma, sai ƙurarsa ta bi ƙasar da yara ke rarrafe a kai suna sa hannu a baki. An ƙiyasta cewa yara kusan 400 ne suka rasu a wannan annoba.

A watan Mayu na 2010 tawagar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tare da jami'an lafiyar Nijeriya, ta bi gida-gida a ƙauyuka biyu. Ta shiga gidaje 119, ta lissafa yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, ta tarar 118 daga cikinsu sun rasu a cikin shekara guda da ta gabata. An gwada jinin yara 204, aka samu kashi 97 cikin ɗari sun kai ko sun wuce maikirogiram 45 na dalma a kowace desilita ta jini. Ka riƙe wannan lamba ta 45, domin daga nan ne ake fara ba yaro maganin fitar da dalma, wanda a Zamfara aka yi amfani da na sha mai suna DMSA.

Sai dai maganin yana da sharaɗi. Idan aka yi wa yaro magani ya koma kan ƙasar da ta sa masa cutar, an yi aikin baban giwa. Dole sai an kankare saman ƙasar gidan an kwashe, an zuba mai tsabta. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatan gwamnatin jiha da mutanen gari, sun fara da Dareta da Yargalma a tsakiyar 2010. Daga ƙarshen 2010 zuwa farkon 2011 aka yi Abare, Tungar Guru, Sunke, Duza da Tungar Daji. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka share ta, bayan gangamin #SaveBagega da Hamzat Lawal da abokansa na Follow The Money suka yi a kafofin sada zumunta har gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin.

Yanzu ka dubi wannan aiki da idon mai tattara bayanai. Masu auna ƙasa suna da lissafinsu: gida kaza, awon dalma kaza, an share ko ba a share ba. Masu jinya suna da nasu: yaro kaza, shekara kaza, gida kaza, awon jini kaza, kuma ana maimaita gwajin lokaci bayan lokaci. Ga shi a ƙauyukanmu za ka samu Musa uku da A'isha huɗu a unguwa ɗaya. Duk aikin ya rataya ne a kan a haɗa sunan da ya dace da awon da ya dace da gidan da ya dace. Wannan ita ce matsalar da zip da enumerate suke ƙoƙarin warwarewa a cikin kwamfuta.

KATI ƊAYA, MUTUM ƊAYA

Tun kafin a ƙera kwamfuta aka san maganin wannan matsala. A ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890, Herman Hollerith ya kawo na'urar da ke karanta kati mai huji. Dabarar ita ce kowane mutum da katinsa. Shekarunsa, jinsinsa, sana'arsa, duk a jikin kati guda ake huda su. Ko katunan sun zube ƙasa sun cakuɗe, bayanin wani ba zai koma kan wani ba, saboda tare suke tafiya. Kamfanin Hollerith na cikin waɗanda aka haɗe a 1911, abin da daga baya a 1924 ya zama IBM.

Da kwamfuta ta zo, sai aka ɗan koma baya. A 1957 IBM ta fitar da yaren FORTRAN ƙarƙashin jagorancin John Backus. Yare ne na lissafi, ya iya jerin lambobi sosai, amma ba shi da hanyar ɗaure bayanai iri-iri na mutum ɗaya wuri guda. Don haka mai rubuta manhaja sai ya buɗe jeri na shekaru daban, jeri na nauyi daban, jeri na awo daban, ya riƙe a ransa cewa gurbi na 7 a kowane jeri na mutum ɗaya ne. Wannan shi ake kira jeri masu tafiya kafaɗa da kafaɗa. Babu igiyar da ta ɗaure su sai lambar gurbi. Ka goge abu ɗaya a jeri ɗaya ka manta sauran, to duk wanda ke ƙasa da wurin ya ɗauki kayan maƙwabcinsa.

Yaren COBOL, wanda aka tsara a 1959 don ayyukan ofis da banki, ya dawo da tsarin kati: kowane mutum da rikodinsa. Pascal na Niklaus Wirth a 1970 da C na Dennis Ritchie a farkon shekarun 1970 su ma sun zo da irin wannan. A 1970 ɗin dai Edgar Codd na IBM ya wallafa takardar da ta zama tushen rumbunan bayanai na zamani, inda ya ɗauki kowane layin tebur a matsayin abin da masana lissafi ke kira tupul. Tupul ba wani abu ba ne illa ƙunshi: abubuwa biyu, uku ko goma da aka ɗaure tare, kowanne da matsayinsa. Daga nan har ƙarshen rubutun nan ƙunshi za mu riƙa ce masa.

WANDA YA FARA HAƊA JERI BIYU

Duk da haka jeri a warwatse bai ɓace ba, kuma ba zai ɓace ba, domin haka bayanai suke zuwa a rayuwa. Ɗakin gwaji ya aiko da nasa, mai rajista ya kawo nasa. Don haka ana buƙatar umarnin da zai ɗauki na farko a nan da na farko a can ya ɗaure, na biyu da na biyu, har ƙarshe.

A takardar da John McCarthy na jami'ar MIT ya wallafa a 1960 a kan yaren Lisp, akwai wani ɗan aiki mai suna pair da ke yin haka daidai: a ba shi jeri biyu, ya dawo da jerin tagwaye. Da shi yaren yake haɗa sunaye da ƙimominsu. Abin lura, a sigar Lisp 1.5 da littafinta ya fito a 1962, idan ɗaya daga cikin jerin ya gaza ɗan uwansa tsawo, pair ba ya yin shiru. Tsayawa yake ya sanar da kai cewa na farko ne ya gaza ko na biyu. Ka ajiye wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Sunan zip kuwa daga zif ɗin riga ko na jaka aka aro shi. Ka duba zif da kyau: haƙora ne layi biyu, kana ja suna shiga juna ɗaya bayan ɗaya. Yaren Haskell, wanda rahotonsa na farko ya fito a 1990, yana cikin waɗanda suka yaɗa sunan. Amma zip ɗin Haskell ya ɗauki wata ɗabi'a daban: da zarar gajeren jeri ya ƙare, sai ya tsaya, ya watsar da ragowar dogon. Suna da dalilinsu. A Haskell kana iya rubuta jerin lambobi marar iyaka, 0, 1, 2, har abada, ka haɗa shi da jerin sunaye, kowane suna ya samu lambarsa, aikin ya tsaya inda sunaye suka ƙare. Ka ga ke nan a can zip ɗaya yana yin aikin da zip da enumerate suke yi a Python.

YADDA PYTHON YA SAMU NASA

Guido van Rossum ya fara rubuta Python a ƙarshen 1989 a cibiyar CWI da ke Amsterdam, ya sake shi ga jama'a a watan Fabrairu na 1991. Shekara tara da 'yan watanni yaren ya yi babu zip. Bari mu ɗauki misali mu ga yadda ake yi a wancan lokaci. Sunaye da lambobin nan duk ƙirƙirarsu muka yi don darasi:

sunaye = ["Musa", "Hauwa", "Sani", "Musa"]
gidaje = [12, 12, 31, 47]
jini = [38, 71, 52, 20]

for i in range(len(sunaye)):
    print(i, sunaye[i], gidaje[i], jini[i])

Wannan ita ce tsohuwar hanyar FORTRAN sanye da sabuwar riga. Kai ne ke riƙe da lambar gurbi, kai ne ke leƙa kowane jeri da ita. Wasu kuma suna amfani da wata dabara ta map da None, wadda ke haɗa jerin amma ta cike giɓin gajere da None, ga shi kuma sabon ɗalibi ba ya gane abin da take nufi ko ya kalle ta sau goma.

A al'adar masu kula da Python, duk wanda ke son a ƙara wani abu a yaren sai ya rubuta takardar shawara da ake kira PEP. A 2000 Barry Warsaw ya rubuta PEP 201 yana neman a kawo umarnin tafiya da jeri da yawa a lokaci guda. An kawo sunaye sama da 20 da za a raɗa masa, a ƙarshe Guido ya zaɓi zip saboda asalinsa na Haskell. Tare da sunan aka ɗauko ɗabi'ar tsayawa a kan gajere. Python 2.0 ya fito da shi a watan Oktoba na 2000.

Saura lamba. A shekarar dai Peter Schneider-Kamp ya rubuta PEP 212 a kan yadda za a riƙa samun lambar gurbi cikin sauƙi, amma shawararsa ba ta samu shiga ba. Sai a 2002 Raymond Hettinger ya kawo PEP 279, wadda ta haifi enumerate, aka sa shi a Python 2.3 a watan Yuli na 2003. Aikinsa ɗaya ne: duk abin da ka miƙa masa, zai riƙa dawo maka da shi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lamba a gabansa.

A Python 2.6 na watan Oktoba 2008 aka ba enumerate damar fara ƙirga daga lambar da kake so. A Python 3.0 na watan Disamba 2008 kuma zip ya daina gina dukkan jeri a ƙwaƙwalwar kwamfuta lokaci guda, ya koma miƙo ƙunshi ɗaya duk lokacin da aka nema. Shi ya sa yau idan ka buga zip kai tsaye ba ka ganin komai sai wani baƙon rubutu, sai ka saka shi cikin list. Shi ya sa kuma idan ka zagaya shi sau ɗaya ya ƙare, zagaye na biyu ba za ka samu komai ba.

Idan aka haɗa su biyun, ga yadda abin yake:

for lamba, (suna, gida, awo) in enumerate(zip(sunaye, gidaje, jini), start=1):
    print(lamba, suna, gida, awo)

Sakamako:

1 Musa 12 38
2 Hauwa 12 71
3 Sani 31 52
4 Musa 47 20

Ka lura da baka biyun da suka kewaye suna, gida, awo. Dalilinsu shi ne enumerate abu biyu kawai yake bayarwa, lamba da ƙunshi, ƙunshin kuma shi ke ɗauke da abu uku a cikinsa. Ka cire bakan, Python zai ce ka nemi abu huɗu alhali biyu ne a hannunsa. Idan kuma kana son ka adana su a matsayin ƙunshi shimfiɗaɗɗe mai lamba a gaba, to ga shi:

rajista = [(lamba, *saura) for lamba, saura in enumerate(zip(sunaye, gidaje, jini), start=1)]

Na farko a ciki zai zama (1, "Musa", 12, 38). Tauraron da ke gaban saura shi ke kwance ƙunshin ciki, kuma wannan salon rubutu yana aiki ne daga Python 3.5 na 2015 zuwa sama. Yanzu Musa na gida 12 da Musa na gida 47 sun rabu, ɗaya lamba 1, ɗaya lamba 4. Mun dawo kan katin Hollerith ke nan.

DAGA SIFILI KO DAGA ƊAYA?

Me ya sa muka rubuta start=1? Saboda idan ba ka faɗa ba, Python daga 0 yake fara ƙirga. FORTRAN daga 1 yake farawa, kamar yadda malamin asibiti ke yi a littafin rajista. C kuwa daga 0, domin a wurinsa lambar gurbi nisa ce daga farkon jeri, na farko kuma nisansa sifili ne. A 1982 masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya rubuta 'yar gajeriyar takarda yana kare farawa daga sifili, Python kuma wannan ɓangare ya bi.

Kar ka raina wannan bambanci na ɗaya tak. A Excel layin farko yawanci na kanu ne, mutum na farko yana layi na 2. Mutumin nan a littafin rajista lambarsa 1, a Python kuma 0. Mutum ɗaya, lamba uku.

Irin wannan zamewa ta taɓa faruwa a babban wuri. A 2006 wasu masu bincike na jami'ar Duke a Amurka, Anil Potti na kan gaba, sun wallafa a mujallar Nature Medicine cewa sun gano yadda za a duba ƙwayoyin halittar mai ciwon daji a san maganin da zai karɓe shi. Keith Baggerly da Kevin Coombes na cibiyar MD Anderson da ke Houston suka zauna su maimaita lissafin. Cikin kurakuran da suka tono akwai wannan: jerin sunayen ƙwayoyin halitta ya zame da layi ɗaya daga jerin awonsu, kowane suna ya hau kan awon maƙwabcinsa, abin da suka danganta da layin kanun tebur. A lokacin har an fara gwaji a kan marasa lafiya bisa wannan bincike. An rufe gwaje-gwajen a 2010, aka janye takardar a 2011. Akwai wasu matsalolin da suka fi wannan muni a binciken, amma ka ga yadda layi ɗaya ya isa ya rikita aikin manyan masana.

SHIRUN DA YA ƊAUKI SHEKARA 21

Mu koma kan misalinmu. Ƙaramar na'urar gwajin jini da aka yi aiki da ita a Zamfara, LeadCare II, iyakar abin da take iya karantawa 65 ne. Abin da ya wuce haka sai dai ta nuna cewa ya yi sama, ba ta ba da lamba, sai an sake gwajin ta wata hanya. Yara da yawa a ƙauyukan nan sun wuce wannan iyaka.

To ka ɗauka kai ne mai shigar da bayanai. Awon Hauwa bai fito da lamba ba, sai ka tsallake shi da niyyar ka cike daga baya. Jerin jini ya koma haka:

jini = [38, 52, 20]

Ka sake kunna kod ɗin nan na sama. Ga abin da zai fito:

1 Musa 12 38
2 Hauwa 12 52
3 Sani 31 20

Duba da kyau. Hauwa ta ɗauki awon Sani. Sani, wanda awonsa na gaskiya 52 ne, ya haura 45, yana buƙatar magani, yanzu takarda ta nuna 20, sai a ce ya koma gida. Musa na gida 47 kuwa ya ɓace gaba ɗaya daga lissafi. Python bai ce uffan ba. Babu jan rubutu, babu gargaɗi, tebur ya fito tsaf kamar komai lafiya. Wallahi irin wannan kuskure ya fi wanda ke tsayar da manhaja haɗari, don wanda ya tsayar da kai ai ya taimake ka.

Haka zip ya zauna daga 2000 har zuwa 2020, lokacin da Brandt Bucher ya rubuta PEP 618 yana cewa a mafi yawan lokuta mai amfani da zip yana sa ran jerin tsawonsu ɗaya ne, don haka a ba shi hanyar da zai ce a tsayar da shi idan ba haka ba ne. An amince, aka sa a Python 3.10 da ya fito ranar 4 ga Oktoba, 2021:

zip(sunaye, gidaje, jini, strict=True)

Da wannan ƙari, idan zip ya iso ƙarshen wani jeri alhali sauran ba su ƙare ba, sai ya jefo kuskuren ValueError, ya gaya maka wanne ne ya gaza ko ya zarce. Abin da Lisp 1.5 ke yi tun 1962 ke nan, ya dawo bayan kusan shekara 60. Amma fa sai ka rubuta shi da hannunka, domin an bar tsohuwar ɗabi'a yadda take don kada manhajojin da aka riga aka rubuta su lalace.

Wani zai ce ai akwai zip_longest a cikin itertools, wanda ke cike giɓi da None. Gaskiya ne, amma a ƙarshe yake cikewa. A misalinmu Musa na gida 47 zai dawo da None a gabansa, Hauwa da Sani kuma suna nan da awon da ba nasu ba.

ABIN DA STRICT BA ZAI IYA MAKA BA

Nan ne ya kamata ka buɗe ido. Tsawo kawai strict yake aunawa. Idan wani ya jera sunaye bisa haruffa a Excel ya bar layin awo yadda yake, tsawo bai canja ba, zip zai haɗa su cikin kwanciyar hankali, kuma duk a karkace. Haka idan aka tsallake mutum ɗaya a sama aka maimaita wani a ƙasa. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to tsagar a nan ita ce dogaro da gurbi.

Haka ita ma lambar enumerate, ta wannan zagayen ce kawai. Ka ƙara yaro ɗaya a saman jeri gobe, duk lambobin ƙasa sun motsa. Kada ka ɗauke ta a matsayin lambar shaida ta dindindin, sai dai in ka raba ta sau ɗaya, ka adana, ka rubuta a katin mutum, ba ka sake rabawa ba.

Saboda haka ga abin da tarihin nan ya koya mana a aikace:

1. Ka haɗa jerinka su zama ƙunshi tun da wuri, kafin ka jera, ka tace ko ka goge komai. Bayan an ɗaure, duk inda ƙunshi ya je da kayansa yake zuwa.

2. Duk inda kake sa ran tsawo ɗaya, ka sa strict=True. Idan Python ɗinka bai kai 3.10 ba, ka gwada len na kowane jeri da kanka kafin ka haɗa.

3. Abin da babu shi, kar ka tsallake gurbinsa. Ka sa None a wurin, ya riƙe wa mai shi layi: [38, None, 52, 20].

4. Idan bayanai daga hannu biyu suka fito, kamar ɗakin gwaji da mai rajista, kar ka haɗa su da gurbi sam. Kowane ɓangare ya zo da lambar shaida, ka haɗa lamba da lamba. A Python ana yin haka da dict, a rumbun bayanai kuma wannan shi ne ainihin tunanin Codd na 1970. Shi ya sa manhajojin tattara bayanai a waya irin su ODK da KoboToolbox suke ba kowane fom lambarsa ta daban.

5. Bayan ka haɗa, ka zaɓi layi na farko, na tsakiya da na ƙarshe, ka gwada su da takardar asali da idonka.

Wannan bai tsaya ga asibiti ba. Malamin makaranta mai haɗa sunayen ɗalibai da makinsu, sakataren ƙungiyar manoma a Gummi mai raba taki, mai POS da ke daidaita lissafin yamma, mai biyan albashi da jerin lambobin asusu, duk jeri ne kafaɗa da kafaɗa, kuma duk layi ɗaya ya isa ya kai haƙƙin wani aljihun wani.

AIKIN GIDA

Ko ba ka da kwamfuta, ka sauke Pydroid 3 a wayarka ta Android. Ka fara duba sigar Python ɗin da ke ciki da wannan:

import sys
print(sys.version)

Sannan ka kwafi jeri ukun nan na misali. Ka cire 71 ka kunna ba tare da strict ba, ka ga abin da ya samu Sani. Ka sa strict=True ka sake kunnawa. A ƙarshe ka mayar da None a gurbin Hauwa, ka rubuta kod da zai fitar da lamba da suna da gidan duk yaron da awonsa ya kai 45, ya kuma ware waɗanda awonsu None ne a matsayin masu jiran sake gwaji. Ka kula, Python ba zai yarda ka gwada None da 45 ba, don haka sai ka fara tantance shi.

Wanda ya gama ya ajiye amsarsa a ƙasa mu duba tare, wanda ya maƙale ma ya faɗi inda ya tsaya. Ka tura wa ɗan uwanka da ke aikin shigar da bayanai, wataƙila ya fi ka buƙatarsa.

Allah Ya jiƙan yaran da aka rasa a Tungar Daji, Dareta, Yargalma, Bagega da sauran ƙauyukan, Ya ba waɗanda suka rayu lafiya mai ɗorewa, Ya kawo wa Zamfara zaman lafiya. Sai mun haɗu a darasi na gaba, in sha Allahu.